Ɗigon Mai a Kan Gashi

A duk layin babu mai kiranta da sunan yanka, Madam Tsaf kawai ake ce mata. Da zolaya aka fara, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu, har ta sa aka rubuta shi a allon shagonta na gyaran gashi. Mace ce da take tafasa mataji bayan kowace kwastoma, ta feshe kujera da magani tun wadda ta tashi ba ta kai bakin ƙofa ba, don dai ki san cewa ke ce dattin. Kanta kullum a ɗaure yake tamau da farin ɗankwali, ba wanda ya taɓa ganin ko silin gashinta. Da tana da iko, iskar da ke shigowa shagon ma sai ta cire takalmi.

Abin da ya hana ta sukuni a wannan zangon shi ne makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan layinsu. Makarantar tana neman shago ɗaya da zai riƙa gyara kan ɗalibai duk ƙarshen mako. Shugabar makarantar ta ce ba za ta ba kowa aikin ba sai ta tako da ƙafarta ta ga tsaftar wuri, saboda a zangon da ya wuce ƙwarƙwata ta yi musu kaca-kaca a ɗakunan kwana. Shaguna biyu suka rage a takara, na Madam Tsaf da na tsallaken titi, na wata mata mai yawan dariya wadda Madam ba ta da sunan kiranta sai Ƙazamiya. Matan layin da yawa sun riga sun koma tsallake, don sun gaji da zama a inda ake harararsu. Idan aikin makarantar ma ya bi su, Madam ta san sunan da ke kan allonta ya zama abin dariya, shagon kuma sai dai a rufe.

Tun farkon zangon ta nuna wa duniya ita wace ce. Wata mata ta kawo 'yarta kitso, ta cire wa yarinyar hular sanyi ta rataye a ƙusar bango, a kan ɗaya ɗankwalin Madam da take canzawa idan za ta tafi gida. Madam ta tsaga gashin yarinyar da tsinken mataji, ta duba, ta ja da baya kamar ta taka wuta.

"Baiwar Allah, kai kika kawo mini ko gonar ƙwarƙwata?" ta faɗa da ƙarfi, yadda har mai sayar da katin waya a waje ya juyo. "Nan shago ne, ba gidan dabbobi ba. Ga tsallake can, su ba sa zaɓe."

Matar ta fizge hular daga ƙusa, ta ja 'yarta tana kuka suka fita. Madam ta tafasa duk wani mataji da ke shagon, ta wanke kujera, ta wanke ƙasa, har marikin ƙofa bai tsira ba. Da yamma ta zare ɗankwalin da ke kan ƙusa ta ɗaura, ta tafi gida tana jin ta yi wa tsafta jihadi.

A gida kuma wata jarabar ce ke jiranta, wato mijinta. Tun da kamfanin da yake yi wa ajiyar kaya ya rufe, yayansa ya ba shi wata tsohuwar kyamara don ya riƙa ɗaukar hoton taro yana samun na cefane. Bawan Allah ya je taro sau ɗaya, ya dawo da hoton ƙudan da ya sauka a kan kofin shayi, ba ango ba amarya. Daga ranar ya kamu da son ɗaukar ƙananan abubuwa a kusa, kusa sosai, har idon tururuwa ya cika fuskar kyamara. Yaran layin suka raɗa masa Baban Ƙwari, shi kuwa ko a jikinsa.

Akwai gilashi na musamman da ake ɗaura wa kyamara don wannan aikin, amma da ya ji tsadarsa a shago sai ya yi wa mai shagon godiya ya fito da baya da baya. Ya dawo gida ya shiga dabaru. Da farko ya farke wata matacciyar na'urar kallon faifai, ya ciro ɗan gilashin da ke cikinta wanda bai fi ƙwayar wake ba, ya maƙala shi a idon wayarsa da fil ɗin gashin Madam. Da wannan ya ɗauki ƙafar sauro. Daga baya wani ya gaya masa cewa idan ya kwance gilashin kyamarar ya juya shi, gaba ya koma baya, zai ƙara girman abu. Ya sayo wani ɗan zoben ƙarfe mai araha da ke riƙe gilashin a juye, ya yi kwanaki yana murna kamar an yi masa haihuwa. Bai tsaya nan ba. Ya yanko bututun roba na famfo, ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya sa shi tsakanin kyamara da gilashi, ya naɗe da salatif, wai gwargwadon nisan gilashi daga kyamara gwargwadon girman abu. Kyamarar ta koma kamar wadda aka yi wa ɗori.

Duk wannan da sauƙi da bai shiga kayanta ba. Robar man gashi fara da ta ƙare ya huda ya kifa a kan fitilar tebur, wai tana tausasa haske. Takardar azurfar da take naɗe gashi da ita wajen rini ya liƙa a jikin kwali, wai tana mayar da haske gefen inuwa. Safarsa ta ƙafa ya cika da yashi ya ɗora kyamarar a kai, tunda babu kuɗin ƙafar kyamara. Idan zai danna sai ya ɗauke numfashi, ya kuma hana kowa motsi a falon, domin a cewarsa taku ɗaya yana girgiza hoto. Rannan Madam ta buɗe firij za ta ɗauki madara, ta tarar da fara a cikin kwalbar zuma tana kallonta.

"Malam, mene ne wannan?"

"Sanyi nake ɗan ba ta, Maman yara. In ta ji sanyi takan natsu, sai in ɗauke ta kafin ta farfaɗo. Ba kashe ta zan yi ba."

"Allah sarki, ashe tausayi ne. Mazan mutane suna fita su dawo da nama, nawa yana fita ya dawo da fara, ita ma ba ta ci ba, ta hoto. To ka tambaye ta ko tana da aikin da za ta ba ka."

Ya yi murmushi ya ɗauki kwalbarsa. Wannan murmushin ya fi komai ƙona mata rai. Tun da ya fara wannan shirme ba ta taɓa kallon hotonsa ko ɗaya ba. In ya miƙo mata kyamara ya ce ta ga wani abu, sai ta ce idonta na mutane ne.

A 'yan makonnin nan wani ƙaiƙayi ya sako ta gaba a ƙeya da bayan kunne. Ta ɗora laifin a kan zafi, sannan a kan sabon dayis ɗin da take rina furfurarta da shi a asirce, cikin banɗaki, ƙofa a kulle. Takan zura yatsa ƙarƙashin ɗankwali ta sosa idan ta tabbatar ba mai kallo. Wani tunani dabam bai ko gifta mata ba, domin a wurinta irin wancan abu na 'ya'yan ƙazamai ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ana saura 'yan kwanaki Shugaba ta zo, Madam ta sa aka yi wa shagon sabon fenti. Da aka gama sai bangon da ke fuskantar ƙofa ya tsaya fayau, ba komai. Ƙazamiya ta liƙe nata bangon da hotunan matan ƙasashen waje da kowane shago ke da su, Madam kuwa ta rantse ba za ta yi abin da ta yi ba. Tana so Shugaba ta shigo ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Da wannan tunanin ta shigo falo da hantsi ranar hutu, ta wuce ta bayan mijin yana duƙe a kan tsohuwar kwamfutarsa, idonta ya faɗa kan fuskar kwamfutar ba da niyya ba, sai ta tsaya.

Wani dogon abu ne ya ratsa hoton kamar sanda, sama baƙi wuluk, ƙasa fari yana ƙyalli. A jikinsa wani abu ya manne, dogo, mai sheƙi, ruwan zuma-zuma, haske ya ratsa shi har ana hango wata inuwa a ciki, samansa da ɗan murfi mai ado. Bayan hoton duka ya narke ya zama ruwan gwal. Ko maƙiyin Baban Ƙwari ya ga hoton nan zai ce ya yi kyau.

"Wannan fa?" ta tambaya, tana ƙoƙarin kada muryarta ta nuna sha'awa.

Ya juyo da sauri, don bai saba ba. "Gashi ne, Maman yara, sili ɗaya. Wannan kuma ina jin ɗigon mai ne ya daskare a jiki. Kin san wahalar da na sha kuwa? In gaban ya fito, bayan ya ɓace, sai da na riƙa tura safar yashin kaɗan-kaɗan. Gashin ma ai daga..."

"Ban ce ka yi mini lacca ba. Gashi da mai, ko?"

"Haka nake gani."

"To ya isa. Ka kai a wanke shi babba, babba sosai, a sa masa firam. A shago zan rataye." Ta ƙara da ƙyar, kamar mai haɗiye magani. "Ya yi kyau."

Mutumin nan saura kaɗan ya yi hawaye. Ita kuwa lissafinta dabam: shagon gashi, hoton gashi, ga kuma man da take haɗawa da kanta tana sayarwa a 'yan kwalabe. Abin nema ya samu. Matar da ta yi shekara da shekaru tana hango ƙwan ƙwarƙwata a kan 'ya'yan mutane tun daga bakin ƙofa ba ta taɓa ganinsa ya wuce girman ƙwayar gishiri ba, yau da aka kawo mata shi ya kai tulu sai ta yi masa maraba. Da aka kawo hoton ta sa mai rubutun allo ya rubuta a ƙasansa da ruwan gwal: Man Gashin Madam Tsaf, Daga Tushe Har Baki.

Ranar da aka sa, shagon yana ƙamshin magani da sabon fenti. Matajai suna jere a cikin ruwan zafi, tawul-tawul a ninke kamar ba za a taɓa amfani da su ba. Kwastomomi biyu suna zaune, ɗaya kanta a cikin diraya, na'urar busar da gashi. Baban Ƙwari ya sa rigarsa ta fita ya tsaya daga gefe. Madam ta ce ya zo ne kawai ko za a tambayi wanda ya ɗauki hoton, kuma ta gargaɗe shi kada ya buɗe baki sai an tambaye shi.

Shugabar makarantar ta iso da hantsi, doguwar dattijuwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta duba tukunyar tafasa mataji, ta shafa bayan madubi da yatsa ta duba yatsan, ta leƙa kwandon shara. Ta gyaɗa kai.

"Gaskiya Madam, sunanki bai yi ƙarya ba."

"Ranki ya daɗe, ai ni tsafta a jinina take. Kwanaki wata ta kawo mini yarinya kai duk ƙwarƙwata, a bakin ƙofar nan na juya su. Irin wannan ba ya ƙetare mini dokin ƙofa. Wasu shagunan dai ban sani ba." Ta wurga ido tsallaken titi. Ƙeyarta ta motsa da ƙaiƙayi, ta dake.

Shugaba ta juyo za ta zauna su yi maganar ranar farawa, sai ta yi ido huɗu da hoton. Ta tsaya. Ta matsa kusa, ta gyara tabarau, ta karanta rubutun ƙasa, ta sake ɗaga kai.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Maigidana ne, ranki ya daɗe," in ji Madam, karo na farko da ta faɗi kalmar da alfahari. "Man da nake haɗawa ne a jikin gashi."

"Da wane irin gilashi, Malam?"

Baban Ƙwari ya matso da sauri. "Ranki ya daɗe, na kyamarar ne na juya, na ƙara da bututun famfo."

"Bututun famfo." Ta jinjina kai. "Kafin in zama shugaba kimiyyar halittu na koyar, kuma ko a littafin da muke koyarwa da shi ban ga wanda ya fito haka ba. Hannunka yana da kyau. Sai dai Madam, wannan ba mai ba ne. Ƙwan ƙwarƙwata ne. Ga ƙaron da uwar ta manna shi da shi a jikin gashi, ga murfinsa a rufe, wannan inuwar ta ciki kuma ɗan ne. Ko ƙyanƙyashewa bai yi ba."

Wadda ke cikin diraya ta zaro kanta a hankali. Ɗayar ta jawo jakarta daga kan kujera ta ɗora a cinya.

Duk da haka bakin Madam bai mutu ba. "To ai na sani, na wannan yarinyar ne da na kora. Ƙila sili ɗaya ya faɗi."

"Yarinya mai furfura?" Shugaba ta nuna farin gindin gashin da bakin alƙalami. "Wannan na babbar mace ce mai rini, ga inda rinin ya tsaya. In daga shagon nan aka tsince shi, ke nan akwai kwastomar da ta zauna a kujerar nan da shi ba ki gani ba. Ni kuwa yara zan turo."

A nan ne Baban Ƙwari ya ga matarsa tana nutsewa, ya ga kuma shi kaɗai ke da igiyar ceto. An ce kada ya yi magana sai an tambaye shi, amma wane miji ne zai ga ana yi wa shagon matarsa ƙazafi ya yi shiru? Ya dafa ƙirji.

"Ranki ya daɗe, wallahi ba daga shagon nan ba ne, ni shaida ne. Matajan shago tafasa su take yi, na sha dubawa ban samu ko ƙura ba. Wannan daga gida na ɗauko shi. A matajinta na ciro, wanda ke gaban madubin ɗakinmu, ba mai taɓa shi sai ita."

Ya juyo ya dubi matarsa da fuskar wanda ya gama aiki yana jiran yabo. Kowa ma ita ya duba. Madam ba ta san lokacin da hannunta ya tafi ba, sai ganinsa ta yi a madubi, yatsu biyu a ƙarƙashin farin ɗankwali suna aiki a bayan kunne. Ta sauke hannun a hankali, amma madubin shagon a goge yake tas, ba wanda bai gani ba.

Shugaba ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta ɗan ja baya taku ɗaya, ta tattare mayafinta. "Ba abin kunya ba ne, Madam, yana kama kowa. Haka muke gaya wa yaranmu, shi ya sa ba ma korarsu a gaban mutane. Akwai maganinsa a kemis." Ta dubi mijin. "Malam, in ta sauke hoton kada a yar. Ka kawo mana makaranta, ɗakin kimiyya yana buƙata."

Ta fita. Ta cikin gilashin ƙofar da ta goge da hannunta da safe, Madam ta ga dattijuwar ta tsaya ta duba hagu da dama, ta tsallaka titi. Ƙazamiya ta fito tana share hannu a jikin zani, gashin mutane manne a silifas ɗinta, tana washe baki. Kwastomomin biyu suka tuna da uzuri a lokaci ɗaya. Mai dirayar ta fita da kai a jiƙe, kuma ba gida ta nufa ba, wurin mai sayar da katin waya ta tsaya, wanda bakinsa ya fi rediyo nisan zango.

Madam ta rufe ƙofa ta saki labule. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ɗanɗana ba, har ta rasa ta inda za ta fara zagin mutumin nan. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ya fara gaya mata tun ranar farko, ita ta katse shi. Ta zauna a kujerar da take zaunar da mutane, ta kwance ɗankwalin, furfurar da take ɓoyo ta bayyana a tushen gashi. Ta miƙa masa mataji mai ƙananan haƙora ba tare da ta dube shi ba.

Ya karɓa da ladabi. Ya jawo fitila kusa, ya tsaga gashin ƙeyarta a hankali, da natsuwar mutumin da ya saba da ƙananan halittu. Can ta ji ya ɗauke numfashi, irin yadda yake yi idan zai danna kyamara.

"Maman yara, kada ki motsa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ga uwar nan da ranta, ƙatuwa. In kashe, ko kina da 'yar kwalba a kusa?"

Dariyar Ƙazamiya ta tsallako titi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Madam Tsaf ta dubi kanta a madubi, ga hoton a bango bayanta da sunanta a ƙasa da ruwan gwal. Ta miƙa hannu kan kantar shagon, ta ɗauko ɗaya daga cikin kwalaben man da ba ta kai ga cikawa ba, ta ba shi.